Saniyar da Ke Guɗa

Tun da Oga Abdulmajeed ya dawo daga wani kwas a Dubai, ya hana kowa sakat a ofishinsu na Wuse da zancen wai manhajar waya sai da zuciya. Tasu ta tuna wa makiyaya lokacin allurar shanu ce kawai, amma ya sa aka zana mata saniya mai gashin ido gazar-gazar, tana fari, tana rangaɗa guɗa. Mutumin da bai taɓa taka kashin shanu ba, shi ne masanin zuciyar Bafulatani!

Bilqis, wadda ta yi zanen, ta san da matsala, don manhajar tana tambayar adadin shanu. A rugar Paikon Kore aka haifi mahaifiyarta, kuma ta san makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa, don gudun baki da idon ɓarayi. Amma Oga ya ce za a kira sunanta a gaban manyan baƙi, sai ta fasa gaya masa.

Ita ta lallaɓi kawunta Modibbo ya zama na farkon gwaji.

"Adadin gaskiya zan sa, 'yar Inna?" ya tambaye ta.

"Sa, Kawu. Daga kai sai wayar."

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfa a bakin kasuwar shanu, jami'ai suka hakimce a kujeru suna shan ruwan roba. Oga ya karɓi wayar Modibbo ya haɗa da lasifika, yana washe baki.

"Yanzu za ku ji yadda take ƙaunar mai ita!"

Saniyar ta callara guɗa. "Barka, Modibbo, sarkin shanu!" Sannan ta faɗi adadin, tiryan-tiryan, har da masu ciki.

Jami'ai suka kaure da tafi. Makiyaya kuwa ko tari babu, sai wasu baƙin fuskoki can baya da suka juyo suna ƙare wa dattijon kallo. Kunya da tsoro suka rufe Bilqis.

Modibbo ya miƙe ya saɓa sandarsa, don ya san dole garken ya bar wajen kafin labari ya zaga. Saniyar ta marairaice: "Kar ka tafi, zan yi kewarka!" Oga ya ƙyalƙyale da dariya, wai a ga basira.

Bilqis ta bi shi da gudu. "Kawu, tsaya!"

Ya juyo, ya dube ta yadda ake duban ma'aikaciyar gwamnati.

"Hajiya, ku riƙe wayar," ya ce. "Mun gode."