Ƙahonin Iska a Jirgin Abdurra'uf

A Gagarawa Tasha, inda mace kan wanke kwano ta adana ruwan don kaji, nan Abdurra'uf ya ga ya dace ya kawo jirgin ruwa. Ba ma kwale-kwale ba, wanda ko ba komai za a kife shi a shanya kuɓewa a kai. Jirgi ne fari na roba mai tauri, da ɗan ɗaki a cikinsa, da wurin zama a baya mai zurfi kamar kwami, da wata doguwar sanda a tsakiya wadda ya ce ƙyalle ake ɗaura mata iska ta tura. A Legas ya samo shi, inda ya yi shekaru yana wanke wa masu hali irin waɗannan jirage. Wanki fa na ce, ba tuƙi ba. Amma tun ranar da tirelar shanun Maigatari ta dawo daga kudu ba kaya ta sauke masa shi a bayan gida, ya ce a riƙa kiransa Kyaftin. Mu da muka san shi tun yana yawo da majina muka ce to.

Nufinsa wai in damina ta yi, ya kai shi kududdufin bayan gari ya riƙa zagayawa da mutane. Kududdufin nan kuwa, a shekarar da ya fi cika, jaki ya ratsa shi cikinsa bai jiƙe ba.

Zana ce kawai tsakanin gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa muku kunnena ya ji, idona ya ga mafi yawa.

Matarsa Hannatu 'yar Sule Tankarkar ce, kuma abin da ta fi ji da shi a duniya bayan 'ya'yanta shi ne irin geronta. Wani gero ne gajere mai saurin nuna, wanda ake cin tumunsa tun na kowa bai fid da kai ba. Daga hannun mahaifiyarta ta karɓe shi. Tsohuwar ta rasu, 'yan'uwa suka koma irin da ake saye a shago, har aka wayi gari babu mai shi sai Hannatu. Kowace kaka da hannunta take zaɓen zangarniya ta ware. In wannan ya salwanta, babu ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a ba ta.

To rumbun gidan ya rushe tun daminar bara, maigida kuma bai sami sukunin tayar da shi ba, yana fama da goge jirgi. A ɗaka ɓeraye suka huda buhun irin har sau biyu. Sai ya ce ta kawo a sa a ɗakin jirgin, ai ɓera ba ya cin roba, gara ma ba ta ci. A nan dai bai yi ƙarya ba. Ta kai.

Da bazara ta kankama, wata azahar ta buɗe murfin ɗakin jirgin ta zura hannu, ta janye da sauri.

"Baban Mansura, zo ka ji. Wannan ai tanda ce. Ka taɓa ganin soyayyen gero ya tsira?"

"Matsalar iska ce," in ji shi, yana gyara hular da ya saya mai baki a gaba. "Kowane jirgi yana da mashigar iska a rufinsa. Na wannan an cire kafin a ba ni. Ƙaramin aiki ne."

"In ƙarami ne a yi shi yau, ko in kwashe kayana."

Bai yi ranar ba, amma bayan kasuwar Alhamis ya ɗauko Bappa a babur daga Maigatari. Bappa tsoho ne mai gyaran bokiti da buta da garwa, wanda duk yankin nan in kwanonki ya huje wurinsa za ki. Suka zauna a inuwar jirgin, Abdurra'uf ya fito da waya yana nuna masa hotuna.

Iri biyu ne. Akwai gajere, kamar an kife faifai a kan rami, iska na shiga ta ƙarƙashin gefensa, ruwa kuma ya zame ta sama. Akwai kuma dogo, kamar ƙahon bijimi mai buɗaɗɗen baki, yana ƙyalli.

Hannatu ta leƙo daga bakin madafa. "A sa mai kamar faifan nan. Ba shi da hayaniya."

"Wa zai gan shi daga titi?" Ko waiwayowa Abdurra'uf bai yi ba. "Ƙaho za a yi, Bappa. Biyu. Manyan jirage duk shi suke sawa."

Shi ƙahon nan, waɗanda suka ƙago shi ba kai tsaye suke dasa shi a kan ramin ba. Wani ɗan akwati suke kifawa a rufin jirgin. Ƙahon yana zaune a wannan gefe, bututun da ke sauka cikin ɗaki yana wancan gefe, bakinsa a ɗage sama. Iska ta shiga ta zagaya ta sauka, ruwa kuwa ya faɗa ƙasan akwatin ya tsiyaye waje ta wasu ƙananan huji da ke gindinsa. Hikimar kenan gaba ɗayanta. Abdurra'uf ya yi shekaru yana goge irin waɗannan akwatuna, ruwa na zubo masa a yatsu ta hujin nan, bai taɓa tambayar kansa don me aka yi su ba.

Bappa ya kawo wayar kusa da hanci. "Wannan na hoton ai ya lalace, Kyaftin. Dubi gindinsa, duk huda."

"Haka suke zuwa."

"Haka suke zuwa don ba su sami mai gyara ba. Ni tun ina saurayi nake toshe huda. Yanzu da furfurata ka ce in yi ta da hannuna? A ce wa ya yi wannan aiki, a ce Bappa? Ka nemi wani."

Da mutum ne mai abu a ka, da sai ya tsaya ya yi tunani. Shi Kyaftin dariya ya yi, ya ce wallahi shi ya sa yake son aikin manya, Turawa ma ha'inci ne da su.

Aikin dai ya yi kyau, ba zan hana tsoho haƙƙinsa ba. Suka auna suka fafe rami biyu a rufin, Abdurra'uf yana runtse ido kamar naman jikinsa ake yanka. Bappa ya yanko kwano ya naɗe ƙahoni, ya buɗa musu baki ya ɗan ɗaga shi sama, yadda ya saba yi wa mazurarin da ake tara ruwan indararo da shi. Ya haɗa akwatunan ya bi kowane lungu da dalma, har ya zuba ruwa a ciki ya ɗaga sama ya nuna wa 'yan kallo ko ɗigo babu. Maza suka yi ta jinjina kai. Da ya hau zai ɗaura, sai ya hango wasu huji biyu a ƙasan wurin zaman nan na baya, inda ruwan da ya faɗo yake fita. Ya yi salati.

"Jirgin ruwa da huda a gindi! Allah ya so ka da ka kira ni."

Ya cusa musu tsumma ya bi da kwalta.

Saura inda ƙahonin za su kalla. Titi yana gabas da gidan, don haka gabas Abdurra'uf ya ce. Akuya ma a ƙasar nan ta san ta inda hadari ke tasowa, in ta ga gabas ta yi baƙi yammacin bango take komawa. Hannatu ta faɗa masa. Ya ce ai juyawa suke, ranar ruwa sai a juya. Bai lura Bappa ya riga ya kafe su da ƙusa ba, don a wurin Bappa abin da ke motsi bai ɗauru ba.

Abin haushi, iska ta shiga. Washegari Hannatu ta zura hannu ta ji ɗakin ya huce, ta shafa buhun, ta mayar da murfin. Shi kuwa ranar har shayi ya saya wa mutane a tasha. Ya samo kwaɗo ya garƙame murfin wai kada yara su ɓata masa, ya jefa makullin a aljihu, ya tafi Gumel wurin wani tela da zai ɗinka masa ƙyallen sanda. Ya ce kwana ɗaya zai yi.

Yana can aka yi ruwan farko. Da la'asar ya zo, da iska mai kwantar da zana, ya zuba kamar da bakin ƙwarya sannan ya wuce. Irin ruwan nan ne mai zuwa da wuri wanda tsofaffi ba sa ɗaukar sungumi a kansa, don sun san bayansa akwai rana mai tsawo. Hannatu ta ga wurin zaman jirgin ya cika taf, ta kira shi a waya. Ina jin muryarsa ta cikin zana.

"Ke kam! Jirgi ne fa. Teku aka yi shi ya shiga, ruwan Gagarawa ne zai ba shi tsoro? Kada a taɓa min kwaɗo, gobe ina tafe."

Goben ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Tela bai gama ba, Kyaftin kuma ba zai dawo hannu sake ba. Sai da Hannatu ta tsaya kusa da ƙahon ta ji wani wari mai ɗan zaƙi yana fitowa, warin hatsin da aka jiƙa don kunun zaƙi, sannan ta ɗauko taɓarya. Bugu biyu kwaɗon ya tashi.

Akwatunan Bappa sun yi aikinsu na bokiti. Sun tara ruwa har ya kai bakin bututu, ya kwarara ciki. Buhun yana zaune cikin ruwa, ya kumbura ya tsage, kowace ƙwaya ta fito da ɗan farin baki.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago kai ta zana ta ce, "Iya, ara min sunguminki."

"'Yar nan, ƙasa ta fara bushewa. Ba wanda ya shuka."

"Na sani. In na shanya shi ya mutu, in na bar shi ya ruɓe. Ƙasa ce kaɗai ta rage."

Muka fita mu mata huɗu ko biyar muka shuka mata gayaunarta, maza na wucewa a babur suna rage gudu suna kallo. Abin da ya rage a ƙasan ƙwarya ta dawo da shi ta shuka a bayan gida, jikin jirgin, fili kamar shimfiɗar tabarma uku.

Na gona ya fito kore shar, ya yi 'yan kwanaki yana kallon sama, sama ba ta ce komai ba. Ya naɗe ganye, ya zama kamar gashin tsohuwar tsintsiya, iska ta kwashe shi.

Ana cikin haka Abdurra'uf ya dawo da ƙyallensa a naɗe a kafaɗa, shuɗi da fari. Ya ga kwaɗo a ƙasa, ya leƙa ya ga ruwa kwance a ɗaki da wurin zama. Kun san abin da ya fara fita daga bakinsa? "Katakon ciki zai ruɓe!" Ya ɗauko bokiti zai kwashe ya watsar.

Hannatu ta fito ta tsaya tsakaninsa da jirgin.

"Ajiye bokitin nan, Baban Mansura."

"Ke ba ki san ruwa na ɓata jirgi ba?"

"Yau na ji. Da cewa ka yi teku aka yi shi ya shiga."

"Matsa min. Jirgina ne."

"Jirginka ne, ruwana ne. Gerona ya biya shi. Ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa ba a gindin shukata ba, wallahi gatari zan sa in fasa abin nan in yi wa awaki kwami da shi, kana kallo."

Ya waiga ko zai ga mai goya masa baya. Ni kaɗai ya gani a kan zana, ni kuma na ci gaba da tsince wakena. Ya ajiye bokitin, ya ce dama shi ma abin da ya yi niyya kenan.

Ta rufe ruwan da tsofaffin tabarmi don rana kada ta sha. Da sassafe da kuma bayan la'asar take bin ramukan nan, kowanne ludayi guda, ba ƙari. Ruwan ya yi kore, ya fara wari, sauro ya samu gida, Kyaftin yana zagayawa yana tsaki yana shafa jikin jirginsa. Da na wurin zama ya ƙare ta koma na ɗaki, da ya yi ƙasa ta riƙa tsoma tsumma tana matsewa. Ta fara kankare na ƙarshe kenan damina ta sauka ta gaskiya. Wajen rabin shukar ta kai labari.

Gayaunar dai dole ta sake shuka ta da irin shago, kuma a shekarar ba a ci tumu da wuri a gidan ba. Kududdufi ya cika iya cikarsa, aka tara samari su ɗaga jirgin, suka kai shi bakin lungun da ke zuwa kududdufin ya ƙi shiga, suka dawo da shi inda yake. Bappa kuwa har yau in an ta da zancen a Maigatari cewa yake a je a duba, aikinsa bai yi yoyo ba.

Da geron bayan gida ya nuna, Hannatu ta hana kowa karyar ko zangarniya ɗaya, har autarta da ta yi ta kuka tana son tumu. Ta yanke da kanta, ta zauna a tabarma tana juya kowace ɗaya a hannu, ta ware masu cikar ido. Abin da aka samu bai fi ta rungume da hannu ɗaya ba. Ta aika rabi Sule Tankarkar wurin ƙanwarta, ta ce a faɗa mata ko ba ta so ta shuka shi baɗi, a gefen gona ma ya isa. Ta miƙo min zangarniya uku ta kan zana. Sauran ta ɗaure da igiya ta shige da su ɗaka, ta bar shi a tsakar gida yana tambayar wa ya ga hularsa.