Jan Fenti a Bayan Kyalla

Ni da bakina na zaɓi makarantar nan, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, kuma wallahi abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Da na gama sakandare, makarantu biyu ne suka ba ni gurbin karatun likitan dabbobi. Ba zan kama sunan ko ɗaya ba. Ta farkon a cikin gari take, gini fes, gilasai ko ta ina, sanyin esi har cikin ƙashi. Muka zaga ni da Abba, aka nuna mana wata saniyar roba da ake buɗe cikinta kamar akwati. Na ja wata 'yar aji uku gefe na ce, "Don Allah 'yar'uwa, yaushe kuke fara taɓa dabba ta gaske?" Ta kwashe da dariya ta ce ita dai har yau kyanwar hostal ɗinsu kawai ta taɓa.

Ta biyun kuwa can bayan gari take, sai an wuce Gwagwalada da tafiya mai ɗan dama. Tun daga bakin ƙofa warin kashin shanu zai yi maka sannu da zuwa. A nan muka haɗu da Dakta Obadiah, malamin da ke koyar da yadda jikin dabba yake ciki da waje, wani dogon dattijo mai furfura, sanye da takalmin roba har gwiwa.

A lokacin Abba bai gama yarda da karatun ba. Shekararsa ashirin da biyu yana aiki a ma'aikatar tarayya, burinsa duniya a ce 'yar Malam Manniru likitar mutane ce, ba mai bin bayan awaki ba. Dakta Obadiah ya zaunar da shi a gindin mangwaro, ya yi ta lallaɓa shi fiye da awa guda. Abin da na riƙe a maganarsa shi ne inda ya ce, "Malam, a nan ba ma koyarwa da hoto. Daga aji biyu, kowane ɗalibi da hannunsa zai koya, a kan dabba ta gaske." Saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Kafin mu iso gida Orozo, Abba ya fara kirana Likita.

Duk wannan naci nawa saboda akuyata Kyalla ne. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya uwarta ta mutu wajen haihuwa a bayan ɗakinmu, muna tsaye muna kallo, an rasa wanda ya san abin yi. Ni na raine ta da bulumboti, na kwana da ita a kan tabarmata har aka yi min dukan tsiya saboda fitsarinta. Ja ce, da farin goshi, kunnenta na hagu a tsage tun da waya ta kama shi. Ga ta da wata muguwar ɗabi'a ta tauna bakin hijabina duk inda ta gan ni.

Aji ɗaya ba a taɓa dabba, lissafi ne da kimiyya kawai, na ci jarabawa lafiya lau. Ranar Litinin ta farko a aji biyu, aka ce mu bi Oga Nicholas, ma'aikacin da ke kula da garken makaranta, ya nuna mana dabbobi. Ina tafe ina fama da sabon takalmin roba, ƙawata Felicity tana yi min tsiya wai tafiyata irin ta agwagwa ce. Muna isa shingen awaki na ji wani kuka. Ko cikin awaki dubu na san wannan muryar.

Na ce a raina, Lubna, kin fara hauka. Me zai kawo Kyalla nan daga Orozo?

Sai ga ta ta ratso garken a guje, ta turo kai ta tsakanin katako, ta cafki bakin hijabina. Farin goshi, tsagaggen kunne. Na ƙwala ihu, "Kyalla! Innalillahi, Kyalla, ke ce?" 'Yan aji suka fashe da dariya. Ni ma dariyar nake, ina shafa ta, har hannuna ya kai kan wani jan fenti da aka shafa mata a gadon baya, faɗinsa ya kai tafin hannu.

Na ce, "Oga Nicholas, wannan jan na mene ne?"

Ya ce da Hausarsa ta 'yan Abuja, "Ja? Ja na Laraba ne. Wannan akuya ya tsufa, shi ya sa."

"Me ake yi ranar Larabar?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan babana. "Za mu ba shi allura ya yi barci, mu cire jini, mu sa magani don kada ya ruɓe. Shi za ku yanka-yanka kuna karatu har ƙarshen zango. Ba dabba na gaske kuke so ba?"

Ban san lokacin da na zauna daɓas a cikin kashin awaki ba. Kunnena ya toshe, ina ganin bakin Felicity yana motsi amma ba na jin komai. Ko yanka ba za a yi mata ba, balle a ce wani ya ci nama ya yi bismilla. Za a shimfiɗe ta a kan tebur wata uku, kuma ni ce zan riƙe wuƙar.

Na zaro waya na kira Abba. Ko sallama ban gama ba ya tari numfashina, muryarsa cike da murna.

"Likita! Kin gan ta ko? Ai na ce kada kowa ya gaya miki!"

"Abba, ya aka yi ta zo nan?"

"Ni na kai ta ranar Juma'a. Dakta Obadiah shi ya buɗe min ido a kan karatunki, ga shi kin ci jarabawa. Yaba kyauta tukuici, ai ba na je masa godiya hannu rabbana ba. Na duba gidan nan kaf, ba abin da ya kai ta daraja. Kuma na ce ina ya fi mata? Ta tsufa, ga gidan likitoci, ga ki kusa da ita kullum. Jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan. Ya ƙi karɓa fa, sai da na ɗaure ta a jikin mangwaron nan na ja motata."

Ya yi dariya. Haushi ya kama ni, amma ta yaya zan yi wa wannan murnar tsawa? Na ce, "Na gan ta, Abba," na kashe wayar.

Ofishin Dakta Obadiah na nufa, da kashi a bayan siket ɗina, ban ko ƙwanƙwasa ba. Yana cin gyaɗa yana duba takardu. Na zazzage masa komai a tsaye, ina kuka ina haɗiye majina: haihuwar, bulumbotin, tabarmar, har dukan da na sha. Ya ajiye gyaɗar ya cire tabarau.

Ya ce, "Zauna, 'yata. Ban san taki ba ce. Ni ba na karɓar kyauta daga iyayen ɗalibai, na gaya wa mahaifinki har sau uku. Dabbar da aka bari a nan kuwa, garken makaranta take shiga, haka tsarin yake. Nicholas kuma tsofaffi yake fara zaɓa."

"To a ba ni abata, Yallaɓai."

"An ba ki. Ki tafi da ita ranar da kika ga dama."

Na sauke wata ajiyar zuciya, na fara jero godiya. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya miƙe, ya buɗe wani kabad, ya fito da gwangwanin fenti da ɗan burushi, ya ajiye a gabana.

"Ku takwas ne a rukuninku. Ranar Laraba dole a sami akuya a kan teburinku. Ba Nicholas zai zaɓa ba, ke za ki zaɓa."

Na dube shi baki buɗe. Mutumin da nake gani kamar uba! Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana, na ce, "Haba Yallaɓai! Wannan ai mugunta ce!"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Awaki nawa kika gani da jan fenti yau?"

Bai jira amsata ba.

"Shida ne. Biyar ɗin ko kallo ba su ishe ki ba. Ba na jin daɗin abin nan, Lubna, shekara talatin ban taɓa jin daɗinsa ba. Amma da wani ya koya a kan akuya irin wannan, da uwar taki akuyar ba ta mutu kuna tsaye kuna kallo ba. Kin ce dabba ta gaske kike so. Ɗauki."

Na ɗauka.

Da la'asar na shiga shingen, Oga Nicholas ya tsaya a ƙofa yana riƙe da igiyar Kyalla. Na tambaye shi ko akwai marar lafiya, wadda dama ba za ta yi rai ba. Ya ce, "Duka lafiya. Marar lafiya ba ya kyau da karatu." Na ƙudurta a raina zan zaɓi wadda ta fi muni, wadda ba za ta ba ni tausayi ba. Akwai wata baƙa mai karyayyen ƙaho da mugun kallo. Na bi ta, ta zille. Na sake bi, ta tsallake kwamin ruwa, na zame na faɗi, fenti ya fallatsar min a hannu. Duk wadda na nufa sai ta watsa a guje, sauran su bi ta. Na yi ta zagaye shingen ina haki ina zaginsu, Oga Nicholas ko motsi bai yi ba.

Na gaji na tsaya. Sai na ji ana shinshinar yatsuna.

Wata 'yar fara ce mai ɗigon baƙi, ita kaɗai ba ta gudu ba. Ta saba da hannun mutum, ta zo ne ta ga ko na kawo dusa. A wuyanta akwai wani ƙyallen atamfa shuɗi, ya koɗe, an ƙulla shi da kyau. Na ce mata, "Tafi! Ke ma ki gudu mana, shashasha!" Na ture ta da gwiwa. Ta dawo ta jingina da ƙafata.

Na waiga na ga Kyalla tana jan igiya tana kirana. Na runtse ido na shafa wa farar fentin a baya. Ko gezau ba ta yi ba, ta ɗauka susa nake mata.

Ranar Laraba ni na riƙe kan farar aka yi mata allurar. Ta yi barci a kan cinyata. Kafin a ɗauke ta na kwance ƙyallen na sa a aljihu. Da aka shimfiɗe ta a tebur, Felicity ta ce ko ita ta fara, na ce a'a. Dakta Obadiah ya miƙo min wuƙar, na karɓa, kuma hannuna bai yi rawa ba. Wannan ma ya ba ni tsoro.

Ranar Asabar na sami mai a-kori-kura ya kai mu Orozo ni da Kyalla. Abba yana ƙofar gida yana wanke mota. Da ya gan mu soso ya faɗi daga hannunsa.

"Lafiya? Ya raina kyautar ne?"

Ya matso, ya ga jan da ke bayanta, ya kankara da farce, bai fita ba. Ya yi murmushi ya ce, "Au, har alama ta musamman suka yi mata?"

Duk hanya na shirya ƙaryar da zan yi masa. Da na buɗe baki sai gaskiya ta fito, tun daga allura har tebur. Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya ja baya ya zauna a kan bokitin da ya kife, yana ta maimaita, "Da hannuna na ɗaure ta. Da hannuna." Ban taɓa ganin idon Abba ya kawo ruwa ba sai ranar.

Can ya ɗago ya ce, "To da aka sake ta, wa aka sa a madadinta?"

Na zaro ƙyallen daga jaka na miƙa masa. Ya jujjuya shi, ya duba inda ƙullin ya lanƙwasa zaren.

"Wannan ɗaurin mace ne," ya ce a hankali. "Innalillahi. Ita ma tana da mai ita."

"Ni na zaɓe ta, Abba. Ita kaɗai ce ta zo wurina."

Ya ninke ƙyallen gida huɗu ya mayar min a tafin hannuna, inda har lokacin jan fentin bai gama fita ba. Kyalla kuwa ta samu bakin hijabina tana ta tauna.