Tsutsa a Gonar Rumman

Ranar da Hamida ta fita takaba, ba gidajen dangi ta fara zuwa ba. Mota ta hau daga Garwa zuwa Pitowa, inda marigayi mijinta Mahfuzu ya bar bishiyar rumman talatin da biyu a gefen gonakin auduga. Wata biyar ba wanda ya leƙa wurin.

Ta tarar 'ya'yan sun zube a gindin bishiyoyi, suna wari mai tsami. Ta ɗauki ɗaya. Akwai ɗan rami a gefensa, da baƙin gari a bakin ramin. Ta fasa, sai ga tsutsa tana motsi cikin ruɓaɓɓun ƙwayoyi. Ta daɗe tana kallonta. Ta jira ranta ya ɓaci, bai ɓaci ba.

Jérôme, malamin gona na yankin, ya hango ta ya tsayar da babur. Ya yi mata gaisuwar rashi da Fillanci, sannan ya koma Hausa.

"Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne, Hajiya. Yana saka ƙwai a jikin rumman, tsutsar ta huda ta shige. Da ta shiga, feshi ba ya kai mata."

"To."

"Ki tattara waɗanda suka zube ki binne da zurfi. Masu lafiya kuma, kowanne a ɗaura masa 'yar jaka."

"To."

Ya ɗan tsaya ko za ta yi tambaya. Sannan ya tayar da babur ya tafi.

Da ta koma gida ta sauke gidan sauron da Mahfuzu ya yi jinya a ciki, ta wanke, ta sa almakashi. Ƙanwarsa Nazira ta shigo ta gani.

"Yaya, wannan fa?"

"Yana da ƙananan idanu," in ji Hamida, ta ci gaba da yanka.

Kwana tara tana zuwa Pitowa. Ta haƙa rami, ta binne kwando shida. Tana duba kowane rumman, ta ɗaura masa 'yar jakar da ta yi da gidan sauron, ta matsa gaba. Yatsunta suka tsattsage, sai da Nazira ta nuna mata ta lura.

Lokacin tsinka, kusan rabi sun tsira, jajaye, ba huda. Nazira, wadda ta rako ta gonar, ta fasa ɗaya, ta ci, ta fashe da kuka. Hamida ta miƙa mata gefen mayafi. Sannan ta tambayi mai motar da ya kawo su ko kwando huɗu za su shiga bayan motar.