Damin Rodi a Sama

Shekara goma sha huɗu Dogo yana tuƙa injin ɗaga kaya a wuraren gini. Da can a guje yake haye tsanin injin, amma a watannin nan sai ya huta sau uku kafin ya kai ɗakin tuƙi, yana haki, ƙirjinsa kamar an ɗora masa bulo. Bai gaya wa kowa ba.

Ranar Talata da hantsi ya ɗago damin rodi, yana cikin juya shi ta saman leburori shida masu zuba kankare, sai idonsa ya yi duhu.

Muryar foman, shugaban ma'aikatan wurin, ce ta farkar da shi ta rediyo. "Dogo! Barci kake? Kayan na lilo a kan mutane!"

Goshinsa na jingine da gilashi, hannunsa bai bar libar sarrafa injin ba. Ya cije leɓe, ya janye damin a hankali, ya dire shi a fili. Da ya sauko, ya ce wa foman, "Ban karya kumallo ba ne."

Da ya koma gida, yayarsa, wadda nas ce, ba ta yarda da wannan zance ba. Ta danna yatsa a idon sawunsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Tun yaushe kake kumbura?"

"Takalmi ne ya matse ni, Yaya."

"Takalmin ne ya sumar da kai? Tashi mu tafi."

A asibiti likita ta ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ta daɗe tana matsar da shi. Ta ce ya riƙe numfashi. Sannan aka kwantar da shi ta gefen hagu, aka shafa masa wani mai mai sanyi, aka ɗauki hoton zuciyar.

"Ka san bawul na inji?" in ji likitar.

"Sana'ata ce."

"To, zuciya ma tana da huɗu. Ɗaya daga cikin naka ya tsuke, da ƙyar jini ke wucewa. Hucin da na ji ke nan. Sai an yi aiki an sauya shi."

"Gobe dai zan iya hawa?"

"Ka ce mutum nawa ne a ƙarƙashinka?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Shida."

A baranda ya riƙe waya yana jujjuya ta, Yaya na tsaye a gefensa. Can ya kira foman.

"Ƙarya na yi maka ɗazu. Suma na yi. Ka nemi wani ya hau."



"Wane asibiti kake?" in ji foman.

Bayan mako uku aka yi aikin. Yanzu a ƙasa Dogo yake tsayawa da rediyo, yana ba sabon direba hannu, kuma yana yawan yi masa faɗa.