Jaje Nake Karɓa

"Inna, ni marainiya ce?"

Ma'u ta tsayar da taɓarya. Huraira na zaune gindin turmi tana tsintar dawar da ta zube, ko ɗago kai ba ta yi ba. Wai yaran gidan Baba Dabo ne suka faɗa mata a bakin rijiya, har suka ce in ta koma gidansu ita ce mai kwana bakin ƙofa.

"Marainiya ita ce wadda ubanta ya rasu. Naki ɓata ya yi."

"To ba ɗaya ba ne? Duk dai ba ya nan."

Ba ɗaya ba ne, amma ta yaya za a fahimtar da yarinyar da ko famfara ba ta gama ba? Abarshi, mijin Ma'u, ya shiga dajin Kamuku ɗiban zuma tun kafin shuka, a shekarar da mahara suka addabi hanyar Kusasu. Abokan tafiyarsa sun dawo Kuyello, shi shiru. Wasu suka ce an kama shi an yi kudu da shi, wasu suka ce namun daji. Ba wanda ya ga gawa.

A zuriyarsu kuwa, ranar da mace ta shiga takaba, ranar ake kwashe 'ya'yanta zuwa gidan yayan miji, in ta fita ta koma wajen iyayenta ita kaɗai. Dabo, yayan Abarshi, har ya sa an share wa Huraira wurin tabarma.

Shi ya sa ranar da mata suka zo da gero a ƙwarya za su daka gumbar sadaka, Ma'u ta tare su a bakin zaure. Tsohuwa Furera ta kama hannunta ta ce mata ya haƙuri. Amsar na bakin harshenta, don tun tana ƙarama ta saba jin ta, amma ta haɗiye.

"Gwaggo, ki yi mini afuwa. Jaje nake karɓa, ban karɓar ta'aziyya."

Jaje ana yi wa wadda akuyarta ta ɓace, ko wadda gobara ta cinye wa rumbu, abin da ake sa ran Allah zai mayar. Ta'aziyya kuwa sai abin da aka sa a ƙasa. Matan suka dubi juna, suka juya da geronsu.

Tun daga nan ƙafa ta ɗauke daga gidan. Ba ƙiyayya ba ce, mutane ne suka rasa gaisuwar da za su shigo da ita. A rafi in ta iso sai hira ta mutu. Ita ke noma bayan gida, ita ke itace, in ta kwashe tuwo ta zuba na maigida a akushi ta rufe, da safe su yi ɗumame da shi ita da 'yarta.

Bayan kaka Dabo ya zo da Liman Maliki, riƙe da goran da mafarauta suka tsinto a daji. Ma'u ta gane shi tun daga nesa, goran Abarshi ne, ita ta tufka masa igiyar. Ta durƙusa daga bayan zana.

Liman ya tambaya ko an taɓa daka gumba a gidan, Dabo ya ce ta hana. Ya tambaya ko ta amsa wa wani ta'aziyya, ko sau ɗaya. Aka ce babu. Sai ya ce gora ba gawa ba ce, ba zai sallaci abin da bai gani ba. Amma ta sani, muddin ta tsaya a kan ɓata ya yi, matar aure ce, ba mai neman ta, kuma jiran na shekaru ne.

"Na ji, Malam."

Dabo ya miƙe yana kakkaɓe riga. "To matar mai rai ba ta da rabo a rumbuna. Mijinki ya ciyar da ke."

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Da suka fita ta ɗauki goran. Har yanzu yana ƙanshin zuma da hayaƙi. Ta rataye shi a inda ya saba zama. Huraira ta zo ta riƙe gefen zanenta, ta tambaya ko yau ma su biyu ne. Ta ce su biyu ne, je ki kawo wuta.

Ke mai karatu, in kin shiga gidan da aka yi rashi, ki tambaya kafin ki buɗe baki. Kada ki yi wa mai jira ta'aziyya. Kina iya raba ta da 'yarta, ke kuma kina ganin gaisuwa kika yi.