Zanen Kosi

Shekara uku ke nan Benedict bai taka ƙofar coci ba, kuma duk wanda ya yi masa zancen Allah a rumfarsa ta gyaran injin ban ruwa a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, to ya shirya jin baƙar magana. Ba wai shi ɗin mutumin banza ba ne. Mahaifiyarsa ce, Kosisochukwu, wadda mutanen Argungu suka gajarce wa suna zuwa Kosi, ta mutu mutuwar da har yau ta tsaya masa a rai.

Ciwon suga ne da ita, tana shan magani tana lallaɓawa. Sai ga wani mai wa'azi ya dira Birnin Kebbi da farin takalmi da lasifika, ya ce mai shan ƙwayar magani bai yarda da Allah ba. Baiwar Allah ta bar ɗan cocinta na Argungu ta bi shi, ta watsar da magungunanta a gulbi. Wata biyu ta rasu. Da Benedict ya tare shi, ko kunya babu, mutumin ya gyara wuyan riga ya ce bangaskiyarta ce ta gaza. Mako na zagayowa ya kwashe lasifikarsa ya bar gari.

Maganar nan ita ta hana Benedict sakat. Idan gaskiya ce, uwarsa ta mutu Allah ya juya mata baya. Idan ƙarya ce, ina Allah yake aka yi ƙarya da sunansa har aka kashe ta? Ya nemi amsa har ya gaji. Ya zauna majalisar abokinsa Tamba ya saurara, ya sayi littattafan masu cewa babu kowa a sama, ya je wurin wani boka da ya sa shi wanka da jiƙo mai ɗoyi. Ko'ina ya je, da fushinsa yake komowa, sai ma abin da ya ƙaru.

Wata Alhamis yana kwashe kayan marigayiyar ya ci karo da zanenta na zumuntar mata, irin wanda matan cocin Argungu ke ɗaurawa iri ɗaya. Ransa ya ɓaci. Ya cusa shi a leda, ya rufe rumfa, ya hau motar Argungu da niyyar ya jefa musu tsiyarsu su san ya gama da su.

Ya tarar da mata kamar ashirin a inuwar bishiyar dogon yaro a harabar cocin, suna jera benci. Wata tsohuwa ta taso. Alake ce, Bayarabiya mai sayar da bandar kifi, aminiyar uwarsa, wadda Hausar Kabi ta zauna a bakinta daram.

"Bene, kai na? Mi ad da kai cikin leda?"

"Kayanku na, Mama. Ku riƙe abinku. Ba ni son ganinai cikin ɗakina."

Ta leƙa ledar, amma ba ta miƙa hannu ba. Ta ce masa a zumuntarsu, ranar da dangi suka maido zane, ranar ake soke sunan mace daga littafin kiran suna. Tunda ba wanda ya maido na Kosi, sunanta na nan, kuma duk Alhamis ana kiransa.

"Ana kiran matacce?" in ji Benedict. "Ta bar ku, Mama. Kuna kallo ta bi maƙaryaci, ba wadda tat tare ta."

"Na tare ta. Sau ukku ina zuwa, ta rufe min ƙofa. Har gobe ina jin zahin abin ga."

"To shi Allahn naku ina shike? An ce ba ta da bangaskiya. Matar da ko ruwa ba ta sha sai ta yi addu'a."

Nan fa ya ɓalle. Duk abin da ya haɗiye shekara uku ya amayar da shi a gaban matan, yana nuna sama da yatsa, yana tuhumar Allah kamar wanda ya kama ɓarawo a rumfarsa. Ya jira a ce masa ya yi saɓo, don ya sami dalilin wurga ledar ya tafi. Ba wadda ta tanka. Wata ma matsar da benci ta yi don ya sami wurin tsayawa.

Da numfashinsa ya ƙare, Alake ta ce, "Ka gama? Ɗana, mutum ba shi yin shekara ukku shina hushi da wanda babu. Hwaɗa mashi, shina iya ɗauka. Yesu da kainai, bisa gicciye, ya tambayi Uba don mi yab bar shi. Kuma malaman addini sunka miƙa shi, masu manyan riguna. Ya san abin da anka yi ma uwakka, an yi mashi irinai. Ruɗinta anka yi, Bene. Shi ko ba shi yar da wanda anka ruɗa."

Benedict bai taɓa jin an ce Yesu yana ɓangaren uwarsa ba. Shi duk zatonsa yana ɓangaren mai farin takalmi. Haushi ya ƙara kama shi, don bai zo nan a ba shi amsa ba.

Magatakardar zumunta ta buɗe littafi ta fara kira, kowace mace tana amsawa da "Ina nan." In wata ba ta zo ba, maƙwabciyar bencinta ta amsa mata. Haka Alake ta yi wa Kosi shekara uku. Benedict na tsaye da leda a hannu, ya san in ya ajiye ta a kan teburin nan, yau za a ja layi a kan sunan.

"Kosi," in ji magatakarda.

Wannan karon Alake ba ta amsa mata ba, ta zuba masa ido. Magatakarda ta ɗaga biro tana jira. Benedict ya matse ledar a ƙirjinsa, hawaye na zuba, fushin bai gama sauka ba.

"Tana nan," ya ce. "Tana wurin Yesu."

Magatakarda ta ajiye biron, ta kira suna na gaba.