Takardar Maganin Iri

Shekara uku kafin mulkin kai, Malam Magagi, da ake kira Mushe irin na Faransanci, yana koyar da aji na biyar a lakwal, wato makarantar boko, ta Filinge. Gab da damina ma'aikatan gona suka raba wa manoma wani jan garin magani da ake gaurayawa da irin hatsi, tare da takardar bayani da Faransanci. Magagi ya kawo takardar aji, ya ce a karanta.

Karatu kam sun iya. Habsa, ɗiyar Ibrah maƙeri, ta karance ta tas ba gargada. Da ya tambaye ta abin da takardar ta ce a yi, sai ta sake maimaita layin farko. Ya tambayi na kusa da ita, shi ma hakanan. Yara arba'in, ba wanda ya gane cewa an hana mutum ko dabba cin irin da aka gauraya. Ga shi doka ta hana Hausa cikin aji. Ya yi bayani da Faransanci har muryarsa ta dushe, suna ta gyaɗa kai.

Bayan kwana huɗu Ibrah ya zo bakin aji, ransa a ɓace. Kajinsa tara sun mutu, sun tsattsagi ragowar irin. Ya ce ya ba Habsa takardar, ta karanta mishi da kyau kamar bature, amma da ya nemi fassara sai ta sa kuka.

"Mushe, shekara biyar tana zuwa nan. Mi kuke koya musu?"

 Da Ibrah ya tafi, Magagi ya rufe ƙofa, ya bi takardar layi-layi, yana sa yaran su faɗi da Hausa wa ake yi wa magana, me aka ce ya yi, me aka hana shi. Nan take aji ya kaure da gardama kan ma'anar kalma guda.

Hayaniyar ce ta jawo daraktan lakwal. Ya kira Magagi waje, ya tuna mishi cewa da Faransanci ake jarrabawa, in kuma ya sake jin haka zai rubuta wa manya a Yamai.

Magagi ya haɗiye fushinsa, ya ce wa yaran su same shi gida ran Alhamis, da yake ba a lakwal ranar. Ruwa ya sauka ran Laraba, kowa ya tafi shuka. Yara uku suka zo, ba Habsa a cikinsu. Ya yi tsaki, ya shimfiɗa musu tabarma, suka fara daga layin farko.